Tankin da Ke Bayan Gidanmu

Zuru, ranar Laraba.

Ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sauke ku lafiya, kai da matarka Talatu. Ya tsare ku daga direba mai gyangyaɗi, da tayar da ta gaji, da hawan dutsen nan na Mambila da aka ce mota kan tsaya ta yi haki a kansa. Na damƙa wa Talatu wannan takarda, na ce kada ta miƙa maka sai kun wuce Kwantagora, don kada ka dawo mu tsaya muna kallon juna.

Labarin gida ba ni da shi, da idonka ka bar shi. Ka ce za ka riƙa kirana ta wayar hannun nan da ta shigo gari. To, maganar da zan yi maka ba irin wadda ake hawa dutse ana ihun "kana ji na?" ba ce.

Makon jiya ka same ni a gindin mangwaro. Ka ce tsohon sojan nan ɗan garinmu da ya ɗauke ka aiki a gonarsa ta Mambila yana so ka gina masa irin tankin da ke bayan gidanmu: wuta a waje, ruwan zafi ya bi bututu ya ɗumama ɗakunan 'yan tsaki, har da ɗakin da za ku kwana. Ka ce, "Baba, me ya hana naka tafiya?" Na ce maka, "Je ka tambayi awaki, su ne masu wurin yanzu." Ka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ka tashi. Na ga ka koma can da tef kana awo, kana leƙa cikinsa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. In ka kwafi awon tankin nan yadda yake, ka kwafi wautata har da ƙusoshinta, kuma Talatu ce za ta zauna kusa da shi.

Tun kana ƙarami kake ji ina cewa manyan ofis ne suka kashe mini aiki. Ban janye ba. Gwamnati ta kwashe mu muna samari ta kai mu wata ƙasar Turawa mai ƙanƙara, muka koyi yadda ake dafa ruwa a wuri ɗaya a ɗumama unguwa guda. Aka ce muna dawowa masana'anta na jiran mu. Na dawo na tarar da masana'antar allo ne kafe a cikin daji, shanu na sosa jiki da shi. Aka ba ni tebur da kujera a wani ofis, aikina in ce wa masu zuwa oga ba ya nan. Mutanen da nake koya wa lissafi a makarantar mishan su ne yau ake buɗe wa ƙofar mota. Wannan duk gaskiya ne. Amma ba su ne suka ɗora tankin nan a inda yake ba.

Da zaman ofis ya ishe ni na koma kiwon kaji. A lokacin ɗari 'yan tsaki kan mutu kamar ana kakkaɓe su. In ka sa musu fitilar kananzir ta mutu, in ka sa kaskon gawayi hayaƙi ya shaƙe su, wutar lantarki kuwa ka san halinta, baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba sallama. Sai na ce ai ga ranar ilimina. Na samo farantan ƙarfe, na kai wa mai walda, muka yi tanki da murhu a ƙarƙashinsa, da bututun hayaƙi, da bututu biyu, ɗaya na kai ruwan zafi ɗaya na dawo da mai sanyi. Tunanin ba shi da aibu, har gobe ina tsaye a kansa. Wuta a waje ta fi wuta a ɗaki. Ba hayaƙi, ba gobara, ba wanda zai kwanta da gawayi a rufaffen ɗaki a wayi gari ana buga masa ƙofa ba ya amsawa.

Ka dubi inda tankin yake. A kan falalen dutsen nan ne, sama da ɗakuna, daidai inda mai wucewa a kan hanyar Dabai zai hango shi. Na san ruwan zafi sama yake yi, mai sanyi ya yi ƙasa. A ajin farko aka koya mana. Da na sa tankin a gangare, ƙasa da ɗakunan, da ruwan ya riƙa zagayawa da kansa ba mai tura shi. Amma gangaren gidanmu bayan makewayi yake, ba mai gani. Ni kuwa ina so a gani. Ina so wanda ya ce Bawa ya je Turai ya dawo da kwat kaɗai ya ɗaga kai ya ga hayaƙi. Na ɗora shi a sama, ruwan zafi ya yi zamansa a tanki, ɗakuna suna ƙasa suna jira. Dole na sayo injin tura ruwa, shi kuma da lantarki yake aiki. Ka ga abin da na gudu shi na koma ina roƙo. Duk ranar da aka ɗauke wuta, tanki na tafasa, 'yan tsaki na rawar ɗari.

Kai, ka nemi wuri mafi ƙasƙanci a gonar, ka sa tankinka a can, ko da kusa da juji ne. Bututu ya riƙa hawa a hankali zuwa ɗakuna, kada ya yi doro a hanya, don iska na maƙalewa a doron ta tare ruwa. In mai gonar ya ce a sa shi a bakin ƙofa baƙi su gani, ka ce masa ɗumi ya ɗauke ka ka kawo, ba kallo ba. Soja ne, zai yi tsawa. Ka bar shi ya yi.

Tanko, wanda ka sani da sanda da haƙori ɗaya, a lokacin ƙato ne, kuma sa'ana. Kullum in zai wuce gona sai ya tsaya a hanya ya ɗaga murya.

"Injiniya! Yaushe jirgin naka zai tashi? A ajiye mini kujera kusa da taga!"

In ce, "Kai da ko keke ba ka iya ba?"

Ya ce, "Ai shi ya sa nake jiran naka, na ga shi ma ba ya motsi."

Daga bakinsa sunan ya bi gari, jirgin Bawa. Na daina gaishe shi shekaru. Zan dawo kan Tanko.

Da na ga ɗakin kaji ya fara ɗumi, sai na ja bututu zuwa ɗakin kakarka. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, tana kwana da gungume yana ci a tsakar ɗaki, idanunta kullum ja, tari ba ya barin ta. Na ce, "Inna, daga yau kin huta da hayaƙi." Na kwashe murhun da hannuna. Ta zauna a bakin gado ta taɓa bututun, ta janye hannu.

Ta ce, "Bawa, ina wutar?"

Na ce, "Tana waje, Inna. Zafinta ne ke zuwa miki."

Ta ce, "Kamar kai ke nan da kana Turai. Ana cewa kana nan lafiya, ni ban gan ka ba."

Na yi dariya na fita. Tarin ya ragu, wannan ba ƙarya. Amma ka san a rufin ɗakinta take rataye zangarniyar dawar iri, ta gidan nan gaba ɗaya, irin jar dawar da kakanka ya sauko da ita daga kan dutse. Hayaƙin da na kora shi ke tsare ta. Da damina ta matso aka sauko da iri, ana taɓawa yana zama gari, ƙwari sun gama da shi. Gara kuma ta shiga jinkar. Shekarar nan irin aro muka shuka, jar dawar kuwa ba ta sake dawowa gidanmu ba. Inna ta aika aka ɗauko mata duwatsun murhunta uku, ta mayar da su inda suke.

Ba cewa nake hayaƙi alheri ne ba. Da na san abin da yake yi, da na gina wa iri wani wurin, tsohuwa ta sha iska mai kyau, kowa ya huta. Laifina ban tambaya ba. In ka je Mambila za ka tarar da mutane suna wasu abubuwan da za ka ga kamar wauta ce. Kafin ka kawar da tsohon abu, ka tambayi masu shi wane aiki yake yi ban da wanda idonka ya gani. Ka tambayi mata musamman, su ne ke cikin ɗakunan.

Sai maganar itace. Tankin nan ciki gare shi, Ishaya. Abin da gida ke dafa tuwo da shi mako guda, shi a yini yake lashewa. Kuma ɗanyen itace ba ya yi masa. In ka sa ɗanye, rabin wutar a busar da itacen take ƙarewa, hayaƙi ya yi kauri, wani baƙin danƙo kamar kwalta ya liƙe cikin bututun hayaƙi, wata rana danƙon ya kama da wuta. Sau ɗaya ya yi mini haka, harshen wuta ya fito ta sama yana gurnani, matan unguwa suka fito da tulu. Itacen bana tun bara ake sare shi, a faskara, a jera a rumfa iska na ratsa shi. An ce can Mambila bishiyar turare ta yi yawa. Tana ci da kyau in ta bushe, amma ka ba ta lokaci, kuma ka riƙa share bututun hayaƙi tun bai nema ba.

To wa zai sare, wa zai ɗauko, wa zai faskara? Nan Tanko ya dawo. Ka san al'adarmu ta golmo, yadda samari sa'o'in juna ke haɗuwa su yi wa iyayen 'yan matan da za su aura noma, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan, shekara da shekaru. Ni ban yi ba. Ina makaranta, daga can na wuce Turai, da na dawo na ce wannan bauta ce ta mutanen da. Kakanka na wajen uwa ya ba ni uwarka Saratu don ana cewa ni mai ilimi ne, bai ga gumina a gonarsa ko sau ɗaya ba. A ganina na tsallake wahala. Ban gane ba cewa a gonakin nan ne sa'o'ina suka zama 'yan'uwa. Wanda kuka yi golmo tare, in rufinka ya yaye ba sai ka kira shi ba. Ranar da na rasa mai taya ni jawo itace daga daji, na je wurin Tanko ina ta kewaye-kewaye. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Injiniya, da muna tada kunya a gonar baban Saratu mun duba layinka ba mu gan ka ba. Ko kana can gaba ne ƙura ta rufe ka?"

Duk da haka washegari ya zo da mutum biyu, suka jawo mini itace har rana ta yi tsaka. Ni kuma girman kai ya hana ni sake roƙo, ya kuma hana ni zuwa gonarsa in rama. Na gina abin da zai raba ni da dogara ga kowa, sai ga shi ya fi komai bukatar hannuwa. Aikin ya koma kan mutum ɗaya, uwarka. Ita ke ɗauko itace, ita ke hura wuta, ita ke kwashe toka, kana goye a bayanta.

Kai baƙo za ka zama a can. Kada ka jira sai ka bukaci mutane. In maƙwabci na rufin ɗaki ka cire takalmi ka hau. In an yi rasuwa ka je ka zauna ko ba ka jin yarensu. Takardarka ta makaranta ka bar ta a akwati, ba ta ɗaga gungume.

Yanzu saura abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka tashi ka ga hannun daman uwarka a ƙanƙance, yatsu uku a manne. Ka san ruwan tankin ne. In an tambaye ta takan ce, "Ni na toshe shi da kaina," ta sauya magana. Haka ta riƙa faɗa har Allah ya ɗauke ta, ni kuma ina zaune ina ji ban taɓa gyara mata ba.

A saman tankin akwai wani gajeren bututu da ba ya zuwa ko'ina. Ka gan shi, na ga ka auna shi ma. Ta nan tanki ke numfashi. Ruwa in ya tafasa tururi yakan nemi hanya, in bai samu ba ya yi wa kansa. Bututun nan dole ya kasance a buɗe kullum, kuma ya kamata ya yi tsawo ya wuce kan mutum, bakinsa ya juya inda ba kowa. Nawa na yanke shi gajere don ƙarfe ya ƙare mini, na ce zan ƙara daga baya. Ya tsaya daidai ƙirjin mai hura wuta.

Na yi wa manyan ofis bayanin bututun nan da Turanci, da zane, da sanda ina nunawa. Suka tafa, suka ci kajina, suka tafi. Na yi wa fasto bayani. Na yi wa wani Bature da ya ratso gari bayani. Matar da ke tsaye a gaban wutar safe da yamma ban taɓa yi mata ba. Ta taɓa tambayata.

Ta ce, "Maigida, wannan da ke fitar da tururi, ba asarar zafi yake yi ba?"

Na ce, "Saratu, ke dai sa itace. Wannan ba tukunyar miya ba ce."

Iyakar abin da na ce mata ke nan.

Ranar da abin ya faru ina Sakkwato, lokacin can ne babban birninmu, ina zaune a benci da zanena a hannu ina jiran wani mutum da ya fita ta ƙofar baya. An yi sanyi mai tsanani, an ɗauke wuta, injin tura ruwa ya tsaya. Da safe ta shiga ta ga 'yan tsaki sun dunƙule a lungu suna mutuwa. Ta fito ta ga tururi na fita ta bututun nan yana bin iska. Duk macen da ta taɓa girki ta san in kana son tukunya ta riƙe zafi rufe ta ake yi. Ta samo totuwar masara, ta naɗe da tsumma, ta cusa a bakin bututun, ta buga da taɓarya. Ta ƙara itace. Kajina take ceto, Ishaya. Da tanki ya fara nishi yana rawa a kan dutse, ta gane akwai matsala. Ta sauke ka ta miƙa wa Inna, ta koma ta sa hannu ta zare totuwar.

Ka tuna ita ce mai kitson unguwarmu? A'a, ba za ka tuna ba. Kafin ranar nan, duk amaryar da za a kai coci a tsakar gidanmu ake yi mata kitso. Bayan nan ko nata kan sai an yi mata.

Da na dawo na same ta a asibiti, abin da ta fara ce mini shi ne, "Maigida, ka yi haƙuri, na ɓata maka inji." Na ce ba komai. Ka ji, ni ne har da yafewa. Ban sake hura wutar tankin ba. Na ce wa gari gwamnati ta ƙi taimako, kuma da yake gwamnati ta saba, kowa ya yarda.

Ba ita ta toshe shi ba. Hankalinta daidai ya yi aiki a kan abin da ta sani, kuma ni na hana ta sanin sauran. Ina so ka riƙe wannan ko da ka manta duk abin da ke sama. Ka sa bututun numfashi ya yi tsawo, ka juya bakinsa bango, kada ka sa masa marfi ko makunni ko wani abin da hannu zai iya rufewa. In zanzaro ya yi gini a ciki ka fasa. Amma ƙarfe ba ya isa. Duk wanda zai kusanci wutar nan, mai gadi ne, mai shara ne, matar maƙwabci ce da ta zo ɗibar garwashi, ka tsaya ka gaya masa abin da bututun yake yi da abin da zai faru in an toshe. Kada ka hura wutar farko sai ka yi haka.

Jiya da yamma, kana wurin ɗaurin kaya a tasha, na kira Talatu. Ta zo ta durƙusa, tana tsammanin aike ne. Na ce ta biyo ni. Muka hau dutsen, na kori awaki, na nuna mata murhu, na nuna mata inda ruwa ke fita da inda yake dawowa. Da yarenmu na yi mata, ba Hausa ba, ba Turanci ba. Na ɗora hannunta a kan guntun bututun na gaya mata kome.

Ta ce, "Baba, ashe hancinsa ne."

Na ce, "Hancinsa ne."

Ta ce, "To wa zai toshe wa abu hanci yana kan wuta? In na ga Ishaya ya yi shi gajere, ni da kaina zan zuba wa wutar ruwa."

Na ce, "Ko ya yi faɗa?"

Ta ce, "Baba, ɗanka ne fa. Faɗansa na gindin mangwaro ne."

Na kawo kunu na ajiye kafin mu hau. Da muka sauko na ɗauka, bai ko huce ba. Tsawon bayanin ke nan, Ishaya. Shi na hana uwarka.

Saboda haka in ka tashi gini, Talatu ta riga ka sanin inda haɗarin yake. In ta ce ka ƙara tsawo, ka ƙara. Tankinka zai yi aiki, na sani, kanka ya fi nawa sanyi. In ya yi, kada ka aiko mini da hoto. Ka dawo mini da ita da yatsunta goma.

Allah ya kai ku lafiya, ya ba ku maƙwabta na kirki da busasshen itace. Ya tsare ku daga wuta da ruwa, da sanyin da ba ku saba ba, da irin zuciyar ubanka. Ya sa in sake ganin ku a ƙofar gidan nan. Tanko ya ce in gaya maka in naka jirgin ya tashi, har yanzu yana son kujerar taga.

Ni ne mahaifinka,
Bawa